Gajeren tumatur ko mai hawa sanda: wanne za ka saya?

Kafin ka tambayi kuɗin gwangwanin iri, juya bayansa ka duba kalma ɗaya: determinate ko indeterminate. Ko tumatur zai tsaya ko zai ci gaba da tsawo, a jininsa yake, taki ba ya sauya wannan.

Na farkon shi ne gajere, irin UC82B da Roma VF da Rio Grande da suka cika gonakin rani na Kadawa da Ɗanja. Yana ɗauke da wata ƙwayar gado da ake kira sp, wadda ke sa kan shukar ya ƙare da fure, tsawo ya tsaya a wajen mita ɗaya ko ƙasa. 'Ya'yan sukan nuna kusan tare, ka yi tsinka kaɗan ka cika kwanduna. Matsalar ita ce maƙwabtanka ma a makon suke tsinka, kowa ya nufi kasuwar tumatur ta Kwanar Gafan, farashi ya faɗi warwas.

Na biyun, kamar Anna F1, ba ya tsayawa. Ganye uku, gungun fure, ganye uku, gungun fure, har ya wuce mita 2. Zai yi watanni yana ba ka, amma sai da sanda, da igiya, da mai bi yana cire tohon da ke fitowa a hammatar ganye. A gidan leda, wato rumfar leda da ake noma a cikinta, yana biyan wahalarsa. A buɗaɗɗen fili mai kadada guda kuwa, lissafa kuɗin sanduna tukuna. Da yawa a nan suke fasawa, kuma ina ganin sun yi daidai.

Akwai kuma wada irin Micro-Tom, wanda Jami'ar Florida ta fitar a 1989. Na tukunya ne da ɗakin bincike, ba na kasuwa ba.

Sai kwalaben da mai shago zai turo maka. Jibarelin shi ne sinadarin da shuka ke miƙe kara da shi. Ka fesa shi ga gajeren iri, gaɓoɓin su yi zalalo, karan ya yi siriri, iska ta kwantar maka da shi. Paclobutrazol akasinsa ne, yana danne jibarelin, dashe ya fito gajere kakkaura, amma idan ya yi yawa sai shukar ta tsugune, kuma yana daɗewa a ƙasa. Idan dashenka na miƙewa a bedi, yawanci cunkoso ne da inuwa. Rage su, ka buɗe musu rana, kuɗin kwalbar ka ƙara a na iri mai kyau.