Ɗanyen Nama Ga Kwikwiyon Babban Kare: Wanne Za Ka Saya?

Kwikwiyon manyan karnuka, irin su Great Dane da Rottweiler, ba ya gama girma sai ya kai wata 18, wani ma har 24. Duk tsawon lokacin nan ƙashinsa ginuwa yake yi, don haka abin dubawa na farko a abincinsa shi ne kalsiyam.

Tsokar nama cike take da fosforas, kalsiyam ɗinta kuwa bai taka kara ya karya ba. Kwikwiyon da ake ba zallar tsoka, jikinsa zai riƙa zaro kalsiyam daga ƙashi har ƙafafu su lanƙwashe. In kuma aka cika masa ƙashi don a gyara, an gudu ba a tsira ba: kafin ya kai wata shida hanjinsa bai iya ƙin abin da ya yi yawa ba, sai ya tsotse, guringuntsin gaɓoɓinsa ya lalace. Binciken Jami'ar Utrecht ta ƙasar Netherlands a kan Great Dane ya nuna haka tun shekarun 1980.

Shi ya sa haɗin gida, wanda ake auna tsoka kashi 80, ƙashi 10, kayan ciki 10, bai kwanta mini ba. Ka san abin da ka zuba, gaskiya ne. Sai dai ƙashin wuyan kaza da na haƙarƙarin rago ba nauyinsu ɗaya ba, hanta kuma in ta yi yawa bitamin A ya zama guba. In dai sai ka haɗa da kanka, likitan dabbobi masanin abinci ya rubuta maka ma'auni, ka kuma sayi sikeli.

Daskararren ɗanyen abinci na kamfani ya fi tsada, yana kuma cin wuri a firiza. A nan karanta bayan leda ne aikin. Nemi shaidar cewa cikakken abinci ne na girman manyan karnuka; ƙa'idar AAFCO, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi a Amurka, ta tsayar da kalsiyam tsakanin kashi 1.2 da 1.8 cikin ɗari na nauyin abincin in an cire ruwansa, ga karen da zai kai kilo 32 ko fiye. Wanda aka rubuta cewa na ƙari ne, ba cikakken abinci ba, kada ka saya.

Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gwada samfuri 196 na ɗanyen abincin dabbobi, ta sami Salmonella a 15, Listeria a 32. Gidan da ke da jariri, mai juna biyu ko tsoho, wannan kaɗai ya isa dalilin haƙura.

Busasshen abinci na kwikwiyon manyan karnuka ba shi da wani ƙayatarwa, amma an riga an yi lissafin, kuma shi zan zaɓa har kare ya gama girma. Ko wanne ka saya, kada ka bari ya yi ƙiba, domin saurin girma na ƙara haɗarin ciwon ƙugu. Shafa gefensa duk mako. In ba ka jin haƙarƙari cikin sauƙi, rage masa awo.