Wane faifan Davy Graham ya kamata a fara saya?

Duk wanda ya fara sha'awar kiɗan jitar katako ta Birtaniya, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da sunan Davy Graham, wanda aka haifa a yankin Leicestershire na Ingila a 1940, ya kuma rasu a Landan a watan Disambar 2008. Mahaifinsa ɗan Sikotland ne, mahaifiyarsa kuwa daga Guyana take, kuma tun yana saurayi ya riƙa gauraya kiɗan gargajiyar Birtaniya da bulus na baƙaƙen Amurka da jaz da amon Larabawa da na Indiya. Matsalar mai saye ita ce faya-fayansa sun sha bamban da juna ƙwarai, ta yadda wanda ya fara da wanda bai dace da kunnensa ba zai iya cewa zuzuta shi kawai ake yi.

A ganina, faifan da ya fi cancantar kuɗin mai saye na farko shi ne Folk, Blues and Beyond, wanda kamfanin Decca ya fitar a tsakiyar shekarun 1960. A nan ne duk hanyoyin Graham suka haɗu: akwai bulus, akwai jaz na Charles Mingus da ya mayar kan jita, akwai kuma "Maajun", kiɗan da ke ɗauke da amon Maroko. Zuwansa Maroko ne ya sa ya sassauta uku daga cikin tsirkiyoyin jita shida, ya samar da ɗaurin da makaɗa ke kira DADGAD, domin ya iya bin sautin ud, molon Larabawa. Da wannan ɗauri, tsirkiyoyin da ba a danna ba suna ci gaba da amo a ƙasa yayin da yatsu ke yawo a sama. Sai dai fa a faɗi gaskiya, yana rera waƙa a yawancin faifan, kuma muryarsa ba ta kai hannunsa ba ko kusa. Wanda murya ce ke jan hankalinsa, gara ya saurara tukuna kafin ya zaro kuɗi.

Ga irin wannan mai sauraro akwai mafita biyu. Ta farko ita ce The Guitar Player na 1963, wanda kiɗa ne zalla, jita da ganga, mafi yawansa jaz da bulus. Yana da daɗin ji, kuma ya dace da mai koyon jita da ke son jin kowane taɓi a fili, amma gabas ba ta shigo cikinsa sosai ba. Ta biyu ita ce Folk Roots, New Routes na 1964, inda mawaƙiyar gargajiya Shirley Collins ke rerawa, shi kuma yana kaɗa mata. Muryarta a miƙe take, ba ado ba lanƙwasa, jitarsa kuwa tana kewaya ta da salon da ba a saba ji a tsofaffin waƙoƙin ƙauyukan Ingila ba. Idan da faifai biyu za a saya, wannan ne zan ɗora a kan na farko.

Wanda amon Indiya ne ya kawo shi, sai ya nemi Large as Life and Twice as Natural na 1968, inda Danny Thompson ke kaɗa babban goge, Jon Hiseman kuma ke kan ganguna, kuma a ciki akwai kaɗe-kaɗe masu bin tsarin kiɗan gargajiyar Indiya da ake kira raga. Ba faifan farawa ba ne, domin yana buƙatar haƙuri. Haka nan After Hours, wanda aka naɗa a ɗakin ɗalibai a Jami'ar Hull a 1967 amma bai fito ba sai 1997: sautinsa na gida ne, kiɗan kuwa a sake yake, na mutumin da ba ya kallon agogon sutudiyo.

Akwai tarkon da ya kamata a kiyaye. "Anji", kiɗansa mafi shahara, wanda makaɗa Bert Jansch da Paul Simon suka sake naɗa, ba ya cikin ainihin faifan Folk, Blues and Beyond, domin a ƙaramin faifan 3/4 AD na kamfanin Topic ya fara fitowa a 1962. Wasu bugu na CD sun ƙara shi a ƙarshe, don haka a duba jerin da ke bayan kwali kafin a biya. A lura kuma cewa ana rubuta sunansa Davy ko Davey, sai a gwada duka biyun wurin nema a intanet.

Tsofaffin faya-fayan garmaho na asali na masu tara kayan tarihi ne, suna da tsada, ga kuɗin aikowa, kuma zafi na tanƙwara su. Ga mai son kiɗan kawai, sabon bugun CD ya wadatar, bayan ya fara saurara a Spotify ko YouTube ya tabbatar cewa zai iya jure wa muryar.