Bakaniken da ya wanke min man birki, gaskiya ya iya aiki

Wallahi da na ɗauka wasa ne, birki na ya fara laushi, in na taka sai ƙafa ta nutse kusan ƙasa musamman in mota ta yi zafi a gangara. Da na kai gareji ogan ya buɗe tankin man birkin sai ga shi baƙi wuluk kamar shayin da ya kwana, ya ce ai man nan jan ruwa yake daga iska, irin man birkin da ake kira DOT 4 in sabo ne sai ya kai digiri 230 yake tafasa amma in ya sha ruwa 155 ma ya ishe shi, shi ya sa birkin ke kwanciya.

Abin da ya burge ni bai ƙara sabo a kan tsohon ba kamar yadda wasu ke yi, zuƙe shi ya yi duka sannan ya bi tayoyi huɗu yana bilidin, wato fitar da iska da ragowar tsohon man, yaronsa na taka birki har man ya fito fes. Ya kuma duba robobin ko wani ya taɓa zuba man inji a ciki don shi kumbura su yake.

Matsalarsu ɗaya dai jira, na fi awa biyu a zaune kan benci.