Dal ɗin roba na salgar gaggawa: yana da kyau a tudu, bai dace da bakin kogi ba

Dal ɗin roba, wato faifan da ake ɗorawa kan ramin salga a tsuguna a kai, wanda ƙungiyoyin agaji ke kawowa idan ambaliya ta tada mutane, yana da tsawon santimita 120, faɗi 80, da wurin ɗora ƙafa da murfi. Mutum ɗaya na ɗaukarsa, kuma babu jiran siminti ya bushe. Ramin da aka gina da safe, kafin la'asar an kewaye shi da tamfol ana shiga.

Faɗin ramin kada ya wuce santimita 80, domin idan aka gitta tsawon dal ɗin a kansa, kowane gefe ya hau kan ƙasa har santimita 20. Magina kan ƙara faɗi wai don kada ya cika da wuri, sai robar ta lotsa a tsakiya. Ƙasar Yamai yashi ce, in ba a ɗaure rabin mita na sama da bulo ko buhunan yashi ba, ruwan buta kaɗai ya isa ya zaizaye bakin.

A unguwannin tudu, yabo ya cancanta. A Lamorde, Kirkisoye da Saga, inda kogin Isa ya shiga gidaje a 2020, labarin daban ne. Ƙa'ida ita ce gindin rami ya kasance mita 1.5 sama da ruwan ƙasa, kuma mita 30 daga rijiya. A can da damina, taku kaɗan na gina sai ruwa ya ɓullo, kashin ya bi shi zuwa rijiyoyi, hanyar kwalara ke nan. Sai dai a ɗora dal ɗin bisa tanki ko gangar roba a kan dandamali, a kuma shirya da motar yashe masai tun farko. Leda da tsumma na toshe tiyon motar, a ajiye kwandon shara a ƙofa.

Murfin ne aibinsa: yana iya ɓata, ƙuda su samu hanya. A ɗaure shi da igiya. Hujin dal ɗin kuma ya yi wa ƙananan yara faɗi, gara a ba iyaye mata fo.

A wanke dal ɗin da ruwan kulorin kashi 0.2 cikin ɗari, wato garam 3 na garin kulorin da ake kira HTH a lita ɗaya ta ruwa, ba tare da kwarara shi cikin ramin ba. Toka ta fi maganin wari. Salga ɗaya ga mutum 20, na mata daban, da fitila. In ya rage rabin mita ya cika, a rufe da ƙasa, a wanke dal ɗin a mayar da shi sabon rami.