Abin da na gani a hannun kamfanin da ya shirya mana Umara daga Katsina

A watan Sha'aban da ya wuce na raka mahaifiyata Umara ta hannun wani kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke cikin garin Katsina, kuma tun dawowata 'yan uwa suke tambayata ko su ma su miƙa masa kuɗinsu. Ba zan ambaci sunansa ba, amma zan faɗi abin da ya yi daidai da wanda ya gaza, domin wanda zai ɗauki dattijuwa zuwa ƙasa mai tsarki ya san tambayoyin da zai yi.

Ta fuskar takardu ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Sun nuna mini lasisinsu na Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, sun duba fasfo ɗinmu don tabbatar da cewa ya rage masa fiye da wata 6 kafin ya ƙare, sun tunatar da mu allurar sanƙarau da katin rigakafin cutar shawara, biza kuma ta fito a kan lokaci. Motar da ta kai mu filin jirgin Malam Aminu Kano ma ba ta makara ba.

Matsalar ta taso ne daga canjin jirgi. Yarjejeniyarmu ita ce mu sauka a Madina, mu yi ziyara, sannan mu ɗauki ihrami a Zul Hulaifa mu wuce Makka. Kwana 2 kafin tafiya aka kira ni aka ce, "Alhaji, an ɗan sauya jirgi, ta Jidda za ku bi," ba tare da an bayyana mini cewa an juya tsarin gaba ɗaya, Makka za mu fara shiga ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ya nufi Makka kai tsaye don Umara dole ya yi niyya kafin ya wuce miƙati, wato iyakar da ake ɗaukar ihrami, kuma jirgin da ya taso daga wannan nahiya yana ratsa daidai da miƙatin ne tun yana sama. Da aka yi sanarwa a cikin jirgi, sai na ga maza sun riga sun ɗaura, ni kuwa kayan ihramina suna cikin babbar jakar da aka auna tun Kano. Hajiya ba ta shiga wannan hali ba, tunda mace tana yin niyya ne da tufafinta. Wani malami a ayarinmu ya shaida mini cewa ko dai na koma miƙati na ɗauki ihrami, ko kuma yanka ya hau kaina. Haka na bar mahaifiyata tare da wasu mata na Daura da muka haɗu da su, na ɗauki hayar mota zuwa miƙatin Juhufa kusa da garin Rabig, na dawo cikin dare da gajiya da fargabar halin da na bar ta. Jimla ɗaya daga bakin ma'aikacin kamfanin da ya kira ni da ta ishe ni.

Masauki shi ne abu na biyu, kuma shi ya fi yi mini ciwo. An ce mana "kusa da Harami", ni kuma laifina ne da ban nemi sunan otal da na unguwa a rubuce ba. A Aziziyya aka sauke mu, inda sai an shiga bas kafin a isa masallaci. Ɗakin yana da tsafta, abincin ma ba laifi, sai dai dattijuwa mai ciwon gwiwa ba ta iya turmutsutsun bas sau biyar a rana, saboda haka yawancin sallolinta a ɗaki ta yi su. Na ga hawaye a idonta da asubar Juma'a, tana cewa, "Ɗan nan, ashe zan zo har nan ina jin kiran salla daga nesa?" Lambar wakilin kamfanin a Makka kuwa mun kira ta har mun gaji.

A Madina al'amura sun gyaru. Wakilinsu na can yaro ne mai ladabi, shi ya yi mana rajistar shiga Rauda, wato wurin da ke tsakanin ɗakin Annabi da mumbarinsa, a manhajar Nusuk, wadda ba a barin mutum ya shiga sai da izininta, ya samo wa Hajiya keken turawa, masaukin kuma tafiyar 'yan mintuna ce zuwa Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Da muka dawo na je ofishinsu na zayyana musu komai. Shugaban kamfanin ya saurare ni, ya ba da haƙuri, ya mayar mini da kuɗin motar Juhufa, amma ya ce bambancin kuɗin masauki ba zai yiwu ba tunda babu shi a rubuce. Matashi mai ƙarfi wanda ya taɓa zuwa zai iya tafiya da su. Ƙanwata da ke shirin kai surukarta a watan Maulidi kuwa, na ce kada ta biya ko sisi sai an rubuta mata sunan otal, unguwarsa, da birnin da jirgi zai fara sauka.