Fiyano, manhaja ko kundin sauti: me za ka saya ba tare da ka shiga gonar wani ba?

Makaɗi in ya tara kuɗi zai ƙara kayan situdiyo, daɗin sauti da farashi yake dubawa. Ba kasafai yake tambayar abin da aka yarje masa ya yi da sautin bayan ya biya ba, alhali izini ne kuɗinsa ya saya masa, kuma kowane kamfani da inda ya ja masa layi.

Fiyano ya fi komai kwanciyar hankali ga mai haɗa waƙa. Yamaha PSR da situdiyoyin Kano suka daɗe suna aiki da ita, ko Korg M1 da ta fito a 1988, sautukan cikinsu naɗaɗɗu ne: kamfani ya ɗauki muryar sarewa da ganga na gaske, ya gyara, ya zuba a ƙwaƙwalwar na'urar. Ka kaɗa waƙarka da su ka sayar, ba mai ce maka kanzil, don haka aka ƙera su. Rigima na farawa ne ranar da ka zauna kana danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, kana naɗar kowane sauti shi kaɗai, ka haɗa kundi kana sayar wa 'yan uwanka makaɗa. A nan naɗin kamfani ka kwafa. Fiyanon Minimoog da na'urar kiɗan ganga Roland TR-808 ta 1980 lamarinsu daban: babu naɗin komai a cikinsu, lantarki ne ke haifar da sautin nan take. Hakan na cikin dalilan da suka sa gangar 808 ta cika duniya. Sai dai sunan na kamfani ne, ka yi hattara wajen tallata hajarka da shi.

A manhajojin kwamfuta, sharuɗɗan suna rubuce, karantawa ce ba a yi. Omnisphere ta kamfanin Spectrasonics, duk da tsadarta, ta yarda ka yi waƙa da sautukanta, ta hana ka gutsuro su ka mayar kundin sayarwa. In kasuwancin sauti kake buri, ni dai Vital ko Surge XT zan nuna maka. Ana samunsu kyauta, kuma in ka gina sautinka daga tushe ba wanda zai biyo ka. Akwai wahalar koyo, ba shakka.

Splice kuwa, shafin intanet da ake sauke gutsattsarin kiɗa, kuɗin wata ake biya, abin da ka sauke kuma ba a binka kamasho a kansa. Illarsa ɗaya: guntun kiɗan da ka ɗauka, dubban mutane sun ɗauka. Wani ya riga ka sa shi a waƙa ya yi mata rajista, sai na'urar tantance haƙƙin mallaka ta YouTube ta kama taka. Ka adana rasit da shaidar izini, su za ka nuna. A Freesound, shafin da mutane ke ɗora sautuka kyauta, kowane sauti da nasa sharaɗin: wani ba ƙaidi, wani sai ka ambaci mai shi, wani an hana kasuwanci da shi.

Saura filashin nan da ake turawa tsakanin situdiyoyi, cike da manhajojin da aka fasa da gutsattsarin kiɗan da ba a san asalinsu ba. Shi ya fi arha, shi kuma zan ce ka guda. Cikinsa akwai abin da aka yanko daga faifan wasu, kuma gajartarsa ba ta wanke ka. A Jamus, ƙungiyar makaɗa ta Kraftwerk ta yi fiye da shekara 20 tana shari'a da mai haɗa waƙa Moses Pelham a kan kimanin daƙiƙa 2 na kiɗanta na 1977 da ya yanko ya sa a wata waƙa. A 2019 Kotun Tarayyar Turai ta ce ko ɗan guntu ne sai da izini, sai fa in an sauya shi har kunne ba zai gane shi ba. A Najeriya ma, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba naɗaɗɗen sauti kariya, don haka mai faifai yana da inda zai kai ƙara.