Aikin hutu na meri ko a kai yaro komisariya: amsa ga Hajiya

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya shirya mana su. Tambayarki dai ga ta: yaronki ɗan shekara 16 ya gama jarrabawar BEPC ta kammala zangon farko na sakandare, dogon hutu ya shigo, ya koma zaman majalisar samari ba ya shigowa gida sai tsakar dare, kin kuma ji ƙishin-ƙishin ana shan tiramol a wurin. Ƙanin babansa ya ce a kai shi komisariya, wato ofishin 'yan sanda, a ɗan razana shi, tunda yanzu 'yan sanda suna jawo jama'a a jiki. Maƙwabciyarki kuma ta ce a nema masa aikin hutu a meri, wato ofishin magajin gari. Kina son ki san wanne ya fi. Ni malamin makaranta ne a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, bayanin Garwa zan yi miki, ko da yake na Marwa da Ngaundere bai yi nisa da shi ba.

Meri tana da abin da za ta cika wa yaro safiyarsa da shi. 'Yan sanda ba su da wannan ko kaɗan. Abin da ke hannunsu iko ne a kan mai sayar da ƙwayar, sai kuma takardu. Saboda haka ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya, kuma wanda ya kai yaro komisariya don rashin aikin yi ya kai mai ciwon ciki wurin maɗori.

Bari in fara da meri. Garwa tana da meri uku, Garwa ta ɗaya da ta biyu da ta uku, ga kuma babbar meri ta birni, wadda dokar 2019 ta sa ake zaɓen magajinta tun daga 2020. Kowace da kasafinta, kowace kuma ita ke tsara aikin hutunta, shi ya sa ranar buɗewa da yawan gurabe da abin da ake ba yara suke bambanta daga wannan zuwa waccan. Wadda unguwarki ke ƙarƙashinta ita za ki fara nufa. Sanarwa takan fito dab da rufe makarantu, a liƙa ta a allon ƙofar meri, wani lokaci a ji ta a rediyo ko a gan ta a Facebook. Yawanci ana neman wasiƙar neman aiki da yaro ya rubuta da hannunsa mai ɗauke da tambur, wato kan sarki, da takardar da ke nuna cewa ɗan makaranta ne a wannan shekarar, da kwafin takardar haihuwa. Akan raba su rukuni-rukuni, wasu a Yuli wasu a Agusta.

Aikin kansa ba na ƙawa ba ne. Sharar titi, yashe magudanan ruwa tunda damina ce, noman ciyawar maƙabarta da harabar ofisoshi, dashen itatuwa. Waɗanda suka ɗan yi nisa a karatu akan zaunar da su ofis suna jera fayil-fayil na haihuwa da aure. Na san wasu iyaye suna jin nauyin a ga ɗansu da tsintsiya a bakin kasuwa. Ni wannan ne ma abin da ya fi burge ni a shirin. Yaron da ya sa hannu ya fito da ledoji daga cikin kwata ya san dalilin da ya sa ruwa ke shiga gidaje a watan Agusta, kuma wanda zai amsa kiran suna da sassafe ba ya iya kai wa ƙarfe biyun dare a majalisa kullum, jiki ne zai hana shi. A ƙarshe ana ba su ɗan abin hasafi. Ba albashi ba ne, na littattafai ne da kayan makaranta, amma ki tuna in ya ci BEPC aji na gaba da zai shiga kuɗin rajistarsa a makarantar gwamnati sefa 10,000 ne, ban da na ƙungiyar iyaye. Yaron da ya biya wannan da guminsa, kallon da yake yi wa makaranta daban ne.

Raunin shirin kuwa a fili yake. Masu nema sun fi gurabe yawa nesa ba kusa ba, kuma ko'ina za ki ji iyaye suna ƙorafin sai mai hanya. Ko ya samu, 'yan makonni ne cikin hutun da ya doshi wata uku, daga Yuni zuwa farkon Satumba. Abin da ya fi damuna shi ne aikin na safe ne, kafin azahar an tashi, alhali matsalar ɗanki daga magariba take farawa.

To, ɓangaren 'yan sanda. Mu fara da rarrabe masu kaki, don mutane suna cakuɗa su. Akwai 'yan sanda na hukumar tsaron ƙasa, DGSN, su ne na komisariya, aikinsu ya fi ƙarfi a cikin gari. Akwai jandarma, waɗanda sojoji ne, su suka fi riƙe bayan gari da ƙauyuka da manyan hanyoyi. Akwai kuma 'yan sandan meri, da dokar 2022 ta tsara aikinsu, na kula da kasuwa da titi da tsafta; ba sa ɗaukar bindiga, binciken laifi kuma ba nasu ba ne. Wanda ƙanin babansa ke nufi na farkon ne.

Abin da ake kira kusantar jama'a a wurin 'yan sanda gaskiya ne akwai shi: zuwa makarantu a yi wa ɗalibai jawabi a kan ƙwaya da ɗaukar wuƙa, tsayawa a ƙofar makaranta a tsallakar da yara titi, zama da jauro da lawan, wato masu unguwa, da limamai a kan tsaron unguwa, da lambobin kira kyauta. Sai dai ki lura, rabin wannan a jikin makaranta yake rataye. Ana rufe makarantu jawabin ya tsaya. Abin da yaro ke haɗuwa da shi a hutu sintiri ne da samame, motar ESIR, 'yan sandan kai ɗaukin gaggawa, ta tsaya a bakin majalisa da dare a kwashe duk wanda aka tarar, mai sha da mai kallo. Wato lokacin da meri ke buɗe wa yara ƙofa, lokacin ne fuskar 'yan sanda mai fara'a ta fi wuyar gani.

Yanzu maganar razanarwa, wadda a kanta nake son ki tsaya da kyau. Komisariya ba ta da wani sashe na tsorata yara a mayar wa iyayensu. In kin yi sa'a kin tarar da jami'i mai 'ya'ya, zai yi masa faɗa ya sallame ku. In kuwa aka laluba aljihunsa aka sami ƙwaya, magana ta fita daga hannunki, ta koma hannun doka. Dokar hukunta laifuka ta Kamaru, sashe na 80, ta ce yaron da bai kai shekara 10 ba babu hukunci a kansa, daga 10 zuwa 14 matakan gyara kawai ake ɗauka, daga 14 zuwa 18 kuwa ana hukunta shi, sassauci kawai yake samu. Ɗanki yana cikin rukuni na uku. Tsarewa a komisariya awa 48 ce, ana iya sabunta ta, daga nan sai gaban mai gabatar da ƙara. Uwa ba ta da ikon cewa ta fasa a wannan matakin. Sannan ɗakin da za a ajiye shi ba malamai ne a ciki ba. Mu da ke aji muna ganin yadda abin ke ƙarewa: wani ya fito a karye ya daina yarda da kowa a gidansu, wani kuma ya fito abokai suna yi masa kirari, ya shiga ya fito, tsoron da ake son a dasa masa shi ne ya fita gaba ɗaya.

Inda 'yan sanda suka fi meri, kuma babu mai yi sai su, shi ne kan mai sayarwa. Tiramol magani ne na ciwo mai tsanani da ba a yarda a sayar ba sai da takardar likita. Wanda ke sayar wa yara shi a teburin bakin hanya ko a bayan shago mai laifi ne, kuma magajin gari ba zai kama shi ba, malamin makaranta ma haka. A nan ne zaman da ake yi da masu unguwa yake da amfani. Amma kada ki je ke kaɗai, kada kuma ki sa sunan ɗanki a gaba. Iyayen yaran da ke zama a majalisar nan ku haɗu, maza su sami jauro, jauro ya kai maganar ga kwamishinan komisariyar yankinku a matsayin kukan unguwa. Ta haka ba a san bakin da ya faɗa ba, ga shi kuma kukan da ya biyo ta hannun jauro ya fi nauyi a kan na mace ɗaya da ta zo da hawaye. Ƙanin babansa da ke da zafin nama, ga inda zafinsa zai yi rana.

Ki ajiye lambobin nan a wayarki da tasa: 117 'yan sanda, 113 jandarma, 118 'yan kwana-kwana. Akwai kuma 1500, wadda hukumar 'yan sanda ta ware don kai ƙarar jami'in da ya ci zali ko ya nemi na goro. Ranar da ya kwana biyu ba a gan shi ba, ko ya ɗaga wa wani makami, ko aka yi masa barazana, ranar ce ta kiran 117, ba kuwa jira.

Wuri ɗaya da hanyoyin biyu suke haɗuwa shi ne takarda. Meri ke ba da takardar haihuwa, 'yan sanda ke ba da katin ɗan ƙasa in yaro ya cika 18, kuma na biyun ba ya samuwa sai da na farkon. Tunda ya zauna BEPC ɗanki yana da tasa, amma ki duba ta ƙannensa, don wanda aka yi sakaci da tasa tun yana jariri sai an bi ta kotu. Kafin ya kai 18 katin makaranta ne shaidarsa. Ya riƙa yawo da shi ko a hutu, domin a daren samame shi ke raba ɗalibi da wanda ba a san ko wane ne ba.

Sauran yinin da meri ba ta rufe ba, ba 'yan sanda ne za su rufe shi ba, ku ne. Gasar ƙwallon hutu da ake yi unguwa-unguwa tana cinye la'asar, garin da ya haifi ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport kuma yake da filin Rumde Ajiya ba a rasa yaron da ke mafarkin ƙwallo. Bayan magariba islamiyya. Cibiyoyin matasa na ma'aikatar matasa, da ake kira CMPJ, suna koyar da ɗinki da kwamfuta da makamantansu. Akwai kamfen ɗin "hutu ba sida", na yaƙi da cutar ƙanjamau, da ake yi tun 2003, inda ake ɗaukar matasa su wayar da kan 'yan'uwansu, shi ma na ɗan lokaci ne. Amma in kin tambaye ni abin da ya fi duka riƙe yaro, koyon sana'a ne a hannun mutumin da kuka sani, tela ko kafinta ko mai gyaran waya ko bakanike. Dokar aiki ta yarda da koyo daga shekara 14. Maigidan sana'a yana riƙe yaro daga safe har yamma, ya san abokansa, ranar da bai zo ba kuma zai aiko a tambaya, abin da meri ba ta da lokacin yi. Abu biyu kawai zan hana: kada a ba shi babur ya yi acaɓa da sunan neman na kansa, shekarunsa ba su kai ba, kuma ƙwayar tana yawo sosai cikin masu wannan aiki saboda gajiya, kada kuma a bar shi zuwa wanka kogin Binuwai in ruwa ya cika.

Saura abu ɗaya da meri da komisariya duk ba su da maganinsa. Ke kin ce ji kika yi ana sha a wurin, ba ki ce kin tabbatar yana sha ba, kuma tsakanin biyun akwai tazara. Babansa ko kawun da yake jin nauyinsa ya zauna da shi su biyu, ba a gaban ƙannensa ba. In kin ga barcinsa ya rikice, cin abinci ya ragu, yana yawan ƙaiƙayi da zufa da saurin fushi, ko ya taɓa faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, to asibiti za a nufa. Tiramol yana kawo irin wannan jijjigar in an sha da yawa, wanda ya saba da shi kuma in ya yanke rana ɗaya jikinsa yakan rikice, shi ya sa likita ne ke rage masa a hankali.

Don haka a tsakanin shawara biyun da aka ba ki, ta maƙwabciya na ɗauka. Ki sa ya rubuta wasiƙar da kansa, ya kai meri da ƙafarsa cikin makon nan, ko da an ce rukunin farko ya cika a sa shi a na Agusta. Kada ku zauna jiran sunaye su fito, a yi magana da mai sana'ar tun yanzu, in aikin meri ya samu ya riƙa zuwa shago bayan azahar. Ƙanin babansa kuma ya fara da gidan jauro.